Shinkafa Muke So ko Mota?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari wanda babu ɗalibi ko malami a kwalejin nan da bai taɓa wa aljihu ba, watau karyewar arziki da ta auka wa ƙasarmu tun daga shekarar 2023, da kuma irin agajin da Gwamnati ta kawo don ta sassauta wa talakawa. Ni dai a ganina, an sa magani a inda ba nan ciwon yake ba, musamman ma game da mu mutanen Mararaba. Ga dalilaina, wanda ya ga na kauce sai ya amsa mini a fitowa ta gaba.

Kowa ya san mafarin abin. Ran 29 ga watan Mayu, 1923 ba ce ba, ran 29 ga Mayun 2023 ce, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, a cikin jawabinsa na kama aiki ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin kwana uku su cika, litar da ake saye wajen naira 195 a Abuja ta koma naira 537. A watan Yuli ta kai 617. Muna kukan targaɗe sai ga karaya, domin a watan Yunin wannan shekara aka saki naira a kasuwa ta nemar wa kanta daraja, dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta yi ta hawa, har ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watan Yunin 2024 ma'aikatar ƙididdiga ta Gwamnati da kanta ta ce kuɗin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan na bara. Kafin Oktoba ta ƙare, lita ta kai naira 1,030 a gidajen man Gwamnati na Abuja. Watau ke nan, cikin wata goma sha bakwai kuɗin mai ya ninka har sau biyar.

Kada wani ya zaci ina cikin masu cewa a mayar da tallafin yadda yake a da. Ko kusa. A shekarar 2022 kaɗai ya cinye wa ƙasa fiye da naira tiriliyan 4, mai motoci biyar a Maitama ya fi mai tafiya ƙasa a Masaka morarsa, ga kuma tankokin da ake tsallakawa da su Nijar da Binin da Kamaru. Manyan 'yan takaran shugabancin ƙasa uku na zaɓen 2023 duk sun ce za su cire shi, saboda haka ba maganar jam'iyya nake yi ba. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne an fafe gora ranar tafiya. An cire, sa'an nan aka zauna shawarar abin da za a yi wa jama'a.

To, domin a gane yadda wannan ya shafi Mararaba dabam da sauran garuruwa, tilas a tuna da abin da ya tara mu a nan. An kafa Birnin Tarayya da doka a watan Fabrairun 1976, Gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991. Waɗanda suka tsara birnin sun yi wa minista masauki, sun yi wa babban sakatare, amma masinja da direba da mai gadi da leburan gini sai suka nemar wa kansu. Sa'ad da aka yi rushe-rushen gidaje tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, sai mutane suka ƙara kwararowa gabas, suka cika Nyanya, suka tsallaka iyaka suka cika Mararaba da Ado da Masaka. Baƙo in ya zo ba ya gane inda Nyanya ta ƙare da inda Mararaba ta fara, alhali kuwa a tsakaninsu ne ƙasar Birnin Tarayya ta tsaya, ta Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa ta soma. Mutumin Mararaba dai a Nasarawa yake kwana, a Abuja yake yini. Abin da ya haɗa makwancinsa da abincinsa kuwa hanya ce guda ɗaya tal, wadda ta taso daga Keffi ta bi ta Nyanya da Kugbo ta faɗa A.Y.A.

Manomin Kazaure in mai ya yi tsada yana iya fasa zuwa birni, ya ci abin da ke rumbunsa. Ma'aikacin Kano yana iya gyara tsohon kekensa. Namu fa? Ba shi da rumbu, kuma ba mai hawan tudun Kugbo da keke kullum safiya ya isa ofis da sauran ƙarfin aiki. Dole ya shiga mota da asuba, dole ya shiga mota da almuru, ko ya sayi abinci ko bai saya ba.

Tun da mu masu koyon aikin malanta ne, bari mu yi lissafin 'yan aji huɗu. Kwanakin aiki a wata 22 ne. Zuwa da komowa, shiga mota sau 44 ke nan, in ma mota ɗaya ke kai mutum ƙofar wurin aikinsa, abin da ba kasafai yake yiwuwa ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, an ƙara naira 500 a kowace shiga. 500 sau 44, naira 22,000 ke nan a wata. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa naira 30,000 ne tun daga 2019, bai koma 70,000 ba sai a watan Yulin 2024, wata goma sha huɗu bayan an cire tallafi. To, a cikin waɗannan watanni da me mai gadi ya ciyar da iyalinsa? Shi ya sa muka ga magidanta suna kwana a wuraren aikinsu daga Litinin, ba sa ganin 'ya'yansu sai Jumma'a. Shi ya sa muka ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi suna ɗaga wa kowace motar gida hannu. Kuma kada a manta, buhun masarar da ke kasuwa shi ma fasinja ne, kuɗin motarsa a kan mudu ake ɗora shi.

Yanzu sai mu duba abin da aka kawo. A watan Agustan 2023 aka ba da sanarwar cewa kowace jiha, har da Birnin Tarayya, za ta sami naira biliyan 5, wani sashi kyauta wani sashi rance, da kuma tirela biyar-biyar na shinkafa. A watan Oktoba, bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki, aka yarda za a ƙara wa ma'aikatan Tarayya naira 35,000 a wata har wata shida, ko da yake biyan ya yi ta jinkiri. A cikin watan ne kuma aka buɗe shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. In an ji waɗannan adadai a rediyo sai a ce madalla.

Amma mu sake ɗaukar alli. Tirela tana ɗaukar buhu 600, tirela biyar buhu 3,000. Jihar Nasarawa tana da ƙananan hukumomi 13. In an raba daidai, Karu za ta tashi da buhu 230 da ɗan ɗoriya. Jama'a, buhu 230 a Karu! Ai unguwa ɗaya ta Mararaba sai ta cinye shi a walimar suna biyu. Gaskiya ne daga baya an ƙaro wasu tireloli, kuma jihohi sun sayi nasu, amma ko an ninka wannan sau goma, mudu nawa zai isa kowane gida, kuma kwana nawa zai yi a tukunya? Shinkafar da aka ba mutum yau, jibi ta ƙare. Kwandasta kuwa gobe da asuba yana nan yana miƙo hannu.

Da ma a ce ƙarancin ne kaɗai aibinta, da sai mu ce da babu gara ba daɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda rabo yake mai da mutane. Ran 22 ga Maris, 2024, a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, a kan wannan hanya tamu, ɗalibai mata biyu suka rasa rayukansu a turmutsitsin karɓar shinkafar da Gwamnatin Jiha ta kai wa ɗalibai. 'Yan'uwanmu ne, sa'o'inmu ne, iyayensu karatu suka aiko su. A farkon wannan watan mutane sun fasa siton hatsi na hukumar Birnin Tarayya a Gwagwa sun kwashe. Ran 21 ga Disamba na wannan shekara mutum goma suka mutu a harabar wani coci a Maitama wajen rabon abinci. Wannan na ƙarshe sadaka ce ta masu ibada, ba ta Gwamnati ba, kuma nufinsu alheri ne, amma darasin ɗaya ne: duk sa'ad da aka tara mayunwata dubu a ƙofa ɗaya aka ce kayan ba za su isa kowa ba, mai ƙarfi ne zai samu, tsohuwa da mai goyo su za a tattake. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kuɗin da ake turawa ta banki ba sa kawo turmutsitsi, wannan na yarda. Sai dai su ma da nasu ciwon. Wa ya rubuta sunayen, kuma yaushe? A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar ma'aikatar jinƙai bisa zargin an nemi a zuba miliyoyin kuɗin talakawa a asusun wani mutum, aka kuma dakatar da shirye-shiryen agaji gaba ɗaya, har da ciyar da 'yan firamare. Laifi na manya, amma kwanon yaro aka kife.

Akwai kuma wata matsala wadda tamu ce mu kaɗai, ita ce zaman jemage, wanda tsuntsaye suka ce ba nasu ba ne, dabbobi ma suka ce ba nasu ba. Agaji ta hannun jihohi aka biyo da shi, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa gunduma. In mutumin Mararaba ya je rabon Abuja, sai a ce ai kai mazaunin Nasarawa ne. In ya zo na Nasarawa, mai riƙe da takarda ya fi sanin 'yan asalin gari da waɗanda suka yi masa zaɓe, shi kuwa wannan Bakatsine ne ko Tibi ko Ibo, ɗan haya, wanda ba a ganinsa a unguwa sai dare. Har wa yau, rabon da a ƙidaya mutanen ƙasar nan tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaran da aka haifa a Mararaba bayan waccan ƙidaya yau wasunsu suna zaune tare da mu a aji. Yaya za a raba abu daidai ga mutanen da ba a san yawansu ba?

Mota ba ta tambayar takardar asali. Wannan shi ne gishirin maganata. In Gwamnati ta sa manyan motoci masu araha a kan hanyar nan, duk wanda ya shiga ya sami agajinsa a take, kuma gobe ya sake samu, ba layin kansila, ba sanayya. Mai kuɗi ba zai zo ya yi tsaye cikin zafi don ya ƙwace rabon talaka ba, saboda haka motar da kanta take tace mabukata. Kuma Gwamnati ta san haka sarai. A jawabinsa na ran 31 ga Yuli, 2023, Shugaban Ƙasa ya ce za a kashe naira biliyan 100 a sayo motoci 3,000 masu aiki da iskar gas, masu cin mutum ashirin-ashirin, kafin watan Maris na 2024. Maris ya zo ya wuce, mu dai a hanyarmu gani bai kori ji ba. A watan Disamban 2024 aka fito da 'yan motocin gas suka yi ta ɗaukar mutane kyauta zuwa cikin birni na 'yan makonni, kowa ya sa albarka, sa'an nan biki ya ƙare. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne, nufin dawwamar da shi ne ba a yi ba.

Jirgin ƙasan cikin birni ma, da aka sake tayarwa ran 29 ga Mayu, 2024 aka ce a hau kyauta, filin jirgin sama da Kubwa ya nufa. Ba na yi wa mutanen Kubwa hassada, su ma talakawa ne irinmu, amma dogo bai leƙo gabas ba ko taku ɗaya. A 2025 an buɗe wata ƙasaitacciyar tasha a Kugbo, gini ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba a hawa tasha a je aiki. Manya daga cikinmu sun tuna da ƙananan motocin nan da ake kira araba, waɗanda aka hana shiga tsakiyar birni a watan Yunin 2013 bisa alkawarin manyan motoci za su maye gurbinsu. Tun daga ran nan hanyar Nyanya ba ta taɓa samun motar da ta ishe ta ba.

Ba yau ne farau ba. Iyayenmu sun sha tsuke bakin aljihu na Alhaji Shehu Shagari a 1982, sun yi layin madara da sabulu a 1984, sun ga SAP na Janar Babangida a 1986. A 2012 Shugaba Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito titi aka dawo da ita 97, aka kafa shirin SURE-P, wanda yau da wuya a nuna maka abin da ya bari a unguwarku. Amma tambayi kowane dattijo labarin PTF, asusun da Janar Abacha ya kafa da rarar kuɗin mai bayan ya kai lita naira 11 a 1994, ya ɗora Janar Buhari a kansa. An yi ta suka game da yadda aka ba da kwangilolinsa da yadda aka raba ayyukan tsakanin sassan ƙasa, kuma sukar ba ta rasa tushe ba. Duk da haka dattijon zai ce maka ya ga hanya, ya ga magani a asibiti da tambarin asusun a jikin kwali, ya ga littattafai a makaranta. Mutane suna haƙuri da tsada in sun ga inda kuɗinsu ya shiga.

Waɗanda suka yi tarihin duniya a cikinmu sun san ko Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali, har ma fiye. Sa'ad da Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. An raba abinci kam, amma ƙarfin agajinsa a kan aiki ya sa shi. Aka ɗebi samari suna dashen itatuwa da gyaran ƙasa, ana biyan kowa dala 30 a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa a gida. Daga 1935 aka ɗauki miliyoyin mutane ginin hanyoyi da gadoji da makarantu, aka ɗauki mata suna dafa wa 'yan makaranta abincin rana. Ba na cewa aljihunmu ɗaya da nasu. Dabarar nake nunawa.

Na san abin da wani zai ce: Malam, gwauruwa mai marayu biyar wadda ba ta zuwa Abuja, mota za ta dafa musu? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Akwai wanda abinci yake bukata yau, ba gobe ba. Amma in abinci za a bayar, akwai ƙofar da ta fi filin rabo mutunci, mu ne kuma masu tsaronta. Babu takardar sunayen talakawa a ƙasar nan da ta kai rajistar aji gaskiya. Malamin aji ya san yaron da ke zuwa ba karin kumallo, ya san wadda ta daina zuwa don an ɗora mata tallan ruwa a cikin cunkoson motoci. Abincin da aka dafa a makaranta cikin yaro yake shiga kai tsaye, ba a ɓoye shi a sito, ba a sake masa buhu a kai kasuwa, kuma yana jawo yaron aji. To, amma ina makarantar in malami ba ya nan? A 2025 malaman firamare na Birnin Tarayya sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris har Yuli, a kan albashin nan na 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024. Maƙwabtanmu na Nyanya da Karu, 'ya'yansu zangon karatu guda suka yi a gida. Wannan aikin ne fa muke shirin shiga, 'yan'uwa, ya kamata mu san irin rigar da ake ɗinka mana.

Adalci ne a faɗi cewa a 2025 an sami ɗan sauƙi. Matatar Ɗangote ta soma fitar da fetur tun Satumban 2024, kuɗin lita ya ɗan sauko, naira ta daina tangaɗi, hatsi ma ya yi rangwame a kasuwa. Ma'aikatar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta ragu, ko da yake ta sake ma'auninta a farkon shekarar, kuma ragin gudun hawa ba saukowa ba ne. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne kuɗin da Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa kowane wata, wanda bai cika kai tiriliyan 1 ba kafin a cire tallafi, ya kai tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Lalle nairar ba ta da ƙarfin ta da, amma ba wanda zai ce baitulmali bai ji a jikinsa ba. Wannan ƙari kuwa daga aljihun mai shiga mota ya fito.

Saboda haka roƙona ga Gwamna Abdullahi Sule da Ministan Birnin Tarayya Nyesom Wike shi ne su ɗauki hanyar nan a matsayin gonar gandu. Abuja ce ke cin gumin mutanen Mararaba, Nasarawa ce ke ɗauke da nauyin kwanansu, to sai su haɗa kuɗi su kafa hukuma ɗaya ta motoci daga Masaka zuwa tsakiyar birni, a rubuta kuɗin shiga a jikin kowace mota, a ware mata layinta a titi safe da yamma, a yi wa ɗalibi da malami mai katin shaida rabin kuɗi. A sa gidan shan gas a wannan ɓangare na iyaka, don direbobin haya su ma su iya juya injinsu. A ware kuɗin gyara tun ranar saye, domin mun sha ganin motocin Gwamnati suna mutuwa saboda taya da batir.

Mu kuma a kwalejin nan akwai ɗan abin da ke hannunmu. In lokacin fita gwajin koyarwa ya zo, ina ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta roƙi Shugaban Kwaleji izini, kowane ɗalibi ya tafi da ƙaramin littafi, ya rubuta yara nawa ne a rajistar ajinsa, nawa ke zuwa kullum, nawa suka zo ba su karya ba, da kuma abin da shi kansa ya kashe a mota kowace rana. Ba sai an sa sunan kowa ba, adadi ya isa. In mun dawo a tattara, malaman lissafi su duba mana, a buga a wannan mujalla, a aika da kofe ɗaya Lafiya, ɗaya ofishin Minista, ɗaya sakatariyar Karu.